Filin Lafiya: In Wayar Pil ɗin Zuciya Ta Lalace

Daga Gangara ta ƙasar Gazawa zuwa Yamai tafiyar yini guda ce a mota. Mutum zai fito bakin godoro, ya wuce Agye da Cadawa, ya wuce Maraɗi da Gidan Rumji, ya wuce Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, sannan ya sauka Yamai. Kilomita sun haura 700. Wanda aka sa wa pil ɗin zuciya a Yamai ko a wata ƙasa, in ya komo gida, ya komo da abin da ba mai iya gyara shi a garinsu. Ba maƙeri, ba mai gyaran rediyo, ba wanzami. Don haka ya kamata shi da iyalinsa su san abin da ke cikin ƙirjinsa, su kuma san ranar da za a ajiye hauya a kama hanya.

Masu wannan pil ba su da yawa a karkara, kuma galibinsu dattawa ne. Filin lafiya na wannan wata nasu ne, su da ƴaƴan da ke karanta musu jarida.

Mene ne pil ɗin zuciya?

Zuciya tana aiki kamar zugazugin maƙeri. Tana matsewa, tana saki, tana tura jini ko'ina cikin jiki. Abin da ke sa ta matsewa wata ƴar wutar lantarki ce da Allah ya halitta cikinta. Wutar tana tashi daga ɗakin sama na zuciya, ta gangaro ɗakin ƙasa. Zuciyar baligi mai lafiya tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti guda in yana zaune.

Wani lokaci, musamman in an tsufa, hanyar wutar nan takan toshe. Sai bugun ya sauko zuwa 40, ko ma 30. Jini ba ya isar kai. Mutum ya riƙa jin jiri da gajiya, ya yi taku kaɗan ya tsaya yana haki. Wani kuma ya yanke jiki ya faɗi, ya suma, jim kaɗan ya farka kamar ba abin da ya faru. A ƙauye sau da yawa akan ce farfaɗiya ce, ko iska. Alhali zuciya ce ta yi jinkiri.

Wannan ciwo shi ne pil ke wa magani. Ba ya maganin hawan jini. Ba ya maganin kumburin zuciyar da ke kama wasu mata masu jego. Aikinsa guda ne: ya saurari zuciya, in ta makara ya tsikare ta da ƴar wuta ta buga. Mai shi ba ya jin tsikarin.

Abin kashi biyu ne. Akwai akwati, wanda bai kai kwalin ashana kauri ba, nauyinsa giram 20 zuwa 30. Ana tsaga fata a ƙasan ƙashin nan da ya gitta daga wuya zuwa kafaɗa, a yi masa ɗan aljihu, a ajiye shi. Sannan akwai waya, guda ko biyu. Masu jin Faransanci suna ce da ita sondi. Tsawonta kamar kamu guda, kaurinta kusan na tsinken ashana, an lulluɓe ta da roba mai taushi. Ana zura ta cikin jijiyar jini, ta bi jijiyar har cikin zuciya, bakinta ya kama naman zuciya. Ɗaya bakin kuwa yana ɗaure jikin akwati.

Mutum na farko da aka dasa wa irin wannan abu cikin jiki sunansa Arne Larsson, mutumin ƙasar Suwidin. Yana da shekara 43, yana suma sau da yawa kowace rana. Matarsa ce ta matsa wa likitoci har suka yarda su gwada. Ran 8 ga watan Oktoba 1958 lokotoro Ake Senning ya yi masa aikin, da na'urar da Rune Elmqvist ya haɗa, wadda ya zuba cikin gwangwanin man goge takalmi don ta ɗauki siffa. Ta farko ƴan awoyi kawai ta yi ta mutu. Aka sa ta biyu. Haka aka yi ta sauya masa, har ya ga akwati sama da 20, wayoyinsa ma an sauya su ba sau ɗaya ba. Ya rasu a 2001 yana da shekara 86, kuma ba ciwon zuciya ya kashe shi ba. Lokotoron da ya yi masa aikin da wanda ya ƙera na'urar duka sun riga shi.

Akwati daban, waya daban

Wutar akwatin zamanin yanzu tana kai shekara 7 zuwa 12. Ba ta mutuwa farat ɗaya. Lokotoro yana da na'urar da yake ɗorawa bisa ƙirji ya ga sauran wutar, watanni kafin ta ƙare. Sauya akwati ƙaramin aiki ne. A kashe zafin wurin da allura, a buɗe aljihun, a kwance tsohon, a ɗaura sabo jikin wayar da ke nan tun farko, a ɗinke. Sau da yawa bai kai awa guda ba.

Waya ita ce babbar magana.

Kowane manomi ya taɓa ganin wayar shinge da aka ɗaura jikin gawo ko bedi aka manta da ita. Shekarar farko ana kwance ta da hannu. Bayan shekara biyar ɓawon icen ya haɗiye ta. Wanda ya fizge ta, sai ya ɗaye ɓawon, ko wayar ta tsinke rabinta ya saura ciki. Haka jikin ɗan Adam yake yi da wayar pil. Tabo yakan fito ya rungume ta, a bangon jijiya, a mararrabar jijiyoyi, da can cikin zuciya inda bakinta ya kama. In an jima tabon yakan yi tauri kamar tsakuwa. Wayar da ba ta cika shekara ba, yawanci a hankali ake jawo ta ta fito. Wadda ta yi shekara 10 kuwa ta zama ƴar gida. Bangon babbar jijiyar da ke shiga zuciya siriri ne ƙwarai. In ya yage, jini yana zuba ciki inda ido ba ya gani, kuma mutum na iya cikawa cikin ƴan mintoci.

Abin da ke lalata waya

Zuciya tana bugawa kusan sau 100.000 kowace rana. Kowane bugu wayar tana lanƙwasa ta miƙe. A shekara guda ta lanƙwasa sau sama da miliyan 30. Ga kuma wurin da take ratsawa tsakanin ƙashin kafaɗa da haƙarƙarin farko. Nan tana guga kamar igiyar guga bisa icen bakin rijiya. Duk mai jan ruwa ya san inda igiya ke fara cinyewa. Wata rana robar ta tsage, ko ƙarfen ciki ya karye. Wata kuma bakinta ne ke zamewa daga inda aka kafa shi, galibi cikin makonnin farko.

Akwai lalacewar da mai pil ke jawo wa kansa ba da sani ba. Wasu, in suna zaune suna hira, sai su riƙa taɓa akwatin suna juya shi ƙarƙashin fata. Wayar ta naɗe jikin akwatin kamar zare jikin mazari, bakinta ya fizge daga zuciya. Likitoci sun san wannan tun 1968. Hannu dai ya bar wurin.

In waya ta lalace, tsohon ciwo ne ke komowa: jiri, haki, suma. Wani yakan kama shaƙuwar da ba ta tsayawa, ko ya ji naman ƙirjinsa ko na cikinsa yana harbawa daidai da bugun zuciya. Wutar ce ta ɓace hanya. Yana da kyau a sami mutum guda a gidan wanda ya iya ƙirga bugun jini. Yatsu biyu a wuyan hannu, agogon salula a gaba, a ƙirga minti guda cikakke. Lokotoro yana faɗin adadin da ya saita pil ɗin, sau da yawa 60. In ƙirgen ya sauko ƙasa da wannan adadi sosai, ga kuma jiri, ba a jira ranar kasuwa.

Amma ba kowace wayar da ta lalace ake cirewa ba. In babu ƙwayar cuta a jikinta, lokotoro yana iya toshe bakinta, ya bar ta nan kwance, ya zura sabuwa kusa da ita. Ga dattijo mai shekara 75 sau da yawa wannan ya fi. Ga saurayi kuwa, wanda zai yi shekara 40 ko 50 da pil, wayoyi za su taru su cushe jijiya, don haka akan duba cirewa tun tabo bai yi tauri ba. Wannan awo ne na lokotoro, kuma mai jiki yana da damar tambaya a bayyana masa.

Likitoci ba a banza suka koyi wannan taka tsantsan ba. A 1994 aka gane wata irin waya mai suna Accufix tana da aibi. Wani ɗan ƙarfe da ke cikinta yakan karye ya huda zuciya. An riga an sa wa mutum kusan 45.000 a duniya. Tsoro ya kama jama'a, aka cire dubbai. Da aka zo lissafi, sai aka tarar waɗanda suka mutu wajen cirewa sun fi waɗanda wayar ta kashe yawa. Daga nan aka koma duba ta da hoto lokaci lokaci, a cire wadda ta zama dole kawai.

Kumburin da ba a yi wa sakiya

Wuri guda ne babu zaɓi: in ƙwayoyin cuta sun shiga. Nan ne kuma mutanen karkara suka fi shiga haɗari, domin abin yana farawa kamar ba komi.

A ɗauki misali. Dattijo ne a Gangara, an sa masa pil shekara 9 da suka wuce, an sauya masa akwati bara da kaka. Yanzu wurin ya yi ja, ya kumbura, yana zafi. Damina ta kankama, ana tsakiyar noman farko. Ya aika a kira masa wanzami.

Wanzami ya zo, ya taɓa wurin, ya ji abu mai tauri ƙarƙashin fata. Ya mai da askarsa cikin zabira.

"Baba, wannan ba nawa ba ne."

"Haba Sarkin Aska, maruru ne fa. Ka tsaga shi mugunya ta fita, in koma gona."

"Baba, abin likita ne ke ciki. In na sa ƙarfe nan, ban san inda zai tsaya ba. A kai ka wurin majo yau."

Wanzamin da ya yi haka ya ceci rai. Ga dalili. Maruru yana cikin nama, nama kuwa jini yana ratsa shi, jini kuma shi ne ke kai magani. Akwati da waya ƙarfe ne da roba. Jini ba ya ratsa su. In ƙwayoyin cuta suka samu wurin, sai su manne, su yi wa kansu wata irin yauƙi su ɓuya ƙarƙashinta. Mai tatsar nono ta san ƙwaryar da ta tsage: kome wanki, tsami yana nan cikin tsagar, kuma duk madarar da aka zuba sai ta lalace. Haka wannan yake. Kuma wayar hanya ce miƙaƙƙiya daga ƙarƙashin fata har cikin zuciya. Cutar da ta fara a aljihun akwati tana bin wayar ta shiga jini, ta je ta yi sheƙa a ƙofofin zuciya.

Sakiya, tsaga, ƙaho, ko shafa wani haɗi a wurin, duka buɗe wa cuta ƙofa ne. Aska ko ƙarfe mai zafi yana iya yanke robar wayar nan take. Ko a gidan likita ba a soka allura a zuƙe ruwan irin wannan kumburi. Majon da ya san aikinsa zai rufe wurin da bandeji mai tsabta, ya rubuta takarda, ya tura mutum gaba.

Haɗari na biyu shi ne kafson masu talla a kasuwa. Mutum ya sha kwana biyar, jan ya ragu, zafin ya lafa, ya ce ya warke. Bai warke ba. Cutar ta lafe ne, kuma za ta taso bayan wata guda ko biyu. Ga wata ɓarnar: in ya je asibiti aka ɗebi jininsa don a gane irin ƙwayar cutar, maganin da ya sha yakan ɓoye ta, lokotoro ya rasa wace allura ce daidai.

Alamomin ba su da wuyar ganewa. Ja, kumburi, zafi, ruwa ko mugunya a wurin akwati. Fatar wurin ta yi siriri tana sheƙi, ko ta yi duhu ta manne jikin akwatin. Wani lokaci gefen akwatin ko wayar ya huda fata ya leƙo waje. In ƙarfe ya leƙo, ko da babu zafi ko kaɗan, an ɗauke shi a matsayin ya kamu. Ba a tura shi ciki a ɗinke. Sannan akwai masassarar da ke tafiya tana komowa, da sanyi da zufan dare, an gwada jini babu cutar sauro, ko an sha maganinta ba ta tafi ba. Duk mai pil da ya je gidan likita da masassara, abu na farko da zai gaya wa majo shi ne: akwai pil a ƙirjina.

An fi ganin wannan cikin shekarar da ta biyo bayan buɗe wurin. Sauya akwati ma ya fi sawar farko jawo shi. Masu ciwon suga da masu ciwon ƙoda su ƙara sa ido.

Hukuncin likitocin zuciya a nan ɗaya ne ko'ina a duniya: a fitar da komi, akwati da wayoyi duka. In aka cire akwati aka bar waya, ko aka tsaya kan allura kaɗai, ga yawancin mutane cutar komowa take yi. Kuma kowane mako da aka ƙara, aikin yana ƙara nauyi.

Yadda ake cirewa

A da, can shekarun 1960 da 1970, dabarar ta ban tsoro ce. Akan ɗaura igiya a bakin wayar, a rataya ɗan nauyi a gefen gado, a bar shi yana ja awoyi ko kwanaki. Wata ta fito, wata ta tsinke, wata ta yago nama. In ta ƙi, sai a buɗe ƙirji.

Wajen ƙarshen shekarun 1980 wani lokotoro a Amurka, Charles Byrd, da abokan aikinsa suka fito da dabarar da ake bi har yanzu. Wayar pil tana da ɗan rami a tsakiyarta. Sai a zura wani siririn ƙarfe cikin ramin har ƙarshe, a kulle shi, don wayar ta yi ƙarfi kada ta tsinke in an ja. Sannan a zura ɗan tiyo a bayanta, wayar tana cikinsa, a riƙa tura shi sannu sannu yana raba ta da tabon da ya riƙe ta. Da ya kai zuciya, sai bakin tiyon ya dafe naman zuciya, a jawo wayar ta shige cikinsa. Ke nan ba a fizgar icen, ɓawon ake bi ana buɗewa. Cikin shekarun 1990 aka samu tiyo mai wani haske mai ƙarfi a bakinsa, wanda ake kira leza, yana narkar da tabon. Akwai kuma mai ƴan haƙora da ke juyawa. In wayar ta tsinke, akan biyo ta jijiyar cinya da ɗan zarge a kamo guntun. Duk wannan lokotoro yana kallon hoton cikin ƙirji a allo.

Yawanci ana sa mutum barci. Ana tanadar jini. Ana son lokotoro mai buɗe ƙirji ya kasance kusa, da kayansa a shirye, ko da jijiya za ta yage. Shi ya sa dangi in an ce su ba da jini, kada su noƙe.

A 2017 aka fitar da lissafin mutum sama da 3.500 da aka cire wa waya a asibiti 73 na ƙasashen Turai 19. Cikin kowane 100, kusan 97 aikinsu ya yi kyau. Kusan 2 cikin 100 sun gamu da babbar matsala. Mutum 1 cikin 200 ya rasu sanadin aikin kansa. Asibitocin da suka saba yin aikin sun fi samun sa'a. Wannan lissafin Turai ne, inda kayan aiki suke. Amma ya nuna abu guda: a hannun wanda ya iya, cirewa ba ta kai barin cuta cikin jini haɗari ba, ko kusa.

Kayan cire tsohuwar waya suna da tsada, kuma ba kowane asibitin da ke sa pil ke da su ba. Wani lokaci sai an buɗe ƙirji, wani lokaci sai an tura mutum wata ƙasa. Wannan ma dalili ne na zuwa da wuri, domin neman hanya da takardu da kuɗi yana cin makonni.

Sabuwar waya

In cuta ce ta sa aka cire, ba a mai da sabo ranar. Ana yin allurai, kamar mako biyu in cutar ta tsaya a aljihu, mako huɗu zuwa shida in ta kai zuciya. Ana jira sai gwajin jini ya fito da tsabta aƙalla kwana uku, in ƙofar zuciya ta taɓu kuwa a jira kamar mako biyu. Wanda zuciyarsa ba ta iya tafiya ita kaɗai, akan sa masa waya ta wucin gadi ta jijiyar wuya, da akwati a waje. Ba ya barin asibiti da ita. Saboda haka iyali su shirya zaman makonni a birni, su san wanda zai yi jinya da wanda zai riƙe gona da dabbobi.

Sabon akwati ɗaya gefen ƙirji ake kai shi. In tsohon yana hagu, sabon ya koma dama. Wasu ma, in aka sake auna su, sai a tarar ba su bukatar wani pil ɗin. Akwai kuma sabon irin pil wanda ba shi da waya sam, ɗan mitsitsi kamar kafso, ana bi ta jijiyar cinya a kafa shi cikin zuciya. An fara gwada shi ga mutane a 2012. Tsadarsa ta ninka ta mai waya, kuma ba kowane mara lafiya ya dace da shi ba.

Bayan an sa sabuwar waya, mako huɗu zuwa shida na farko su ne na lallaɓawa, kafin bakinta ya kafu. Hannun wannan gefe ba a ɗaga shi sama da kafaɗa da ƙarfi, ba a ɗaukar kaya mai nauyi da shi. Babu daka, babu jan guga, babu sara da gatari, babu kokawa da sa a bakin rijiya. Amma kada a ɗaure hannun a bar shi ba motsi, kafaɗa za ta sandare. A ci abinci da shi, a yi alwala. Miki ya zauna a bushe har ya haɗe. In aikin ba na gaggawa ba ne, kamar sauya akwati, manomi yana iya roƙon lokotoro a sa masa rana bayan girbi. Kumburi kuwa ba ya jiran girbi.

Da an warke, mutum yana komawa gonarsa. Abin kiyayewa kaɗan ne. Salula kada ta kwana aljihun gaban riga bisa akwati. A bar tsakaninsu santimita 15, kusan tsawon tafin hannu, a kuma kara ta a kunnen ɗaya gefen. Kada a rungumi babbar lasifika, akwai maganaɗisu cikinta. A nisanci injin walda, kada kuma a kwanta da ƙirji bisa janareto yana aiki. Maharbi ya bar dafa gindin bindiga a kafaɗar da akwati yake.

Kuɗi da takarda

Ƙungiyar likitocin zuciya ta Afirka ta bincika ƙasashe 31 daga 2011 zuwa 2016. A wancan lokacin, a 8 daga cikinsu ba a sa pil ko guda. A ƙasa matsakaiciya, waɗanda ake sa wa a shekara ba su kai mutum 3 cikin miliyan ba. A Faransa da Jamus kuwa ɗaruruwa ne cikin kowace miliyan. Ba ciwon ne babu ba. Kuɗi ne da ƙarancin masu aikin. Akwati da waya duka daga waje ake sayo su, kuma kuɗinsu da na aiki yakan haura jika dubu.

Don rage wannan nauyi, wasu ƙungiyoyi a Amurka da Ingila suna tattara akwatunan da aka ciro masu sauran wuta da yawa, a wanke, a kashe ƙwayoyin cuta, a auna, a aiko. A 2024 Jami'ar Mishigan ta ba da sakamakon gwaji kan mutum kusan 300 a ƙasashe bakwai, har da Najeriya da Saliyo. Cikin wata uku na farko, masu tsohon akwatin ba su fi masu sabo kamuwa da cuta ba. Amma akwati ne kawai ake maimaitawa. Waya kullum sabuwa ake sawa.

Ranar da aka sallami mai pil daga asibiti, ana ba shi ƴar takarda. A cikinta an rubuta sunan kamfanin da ya ƙera akwatin, da lambarsa, da irin wayoyin, da ranar da aka sa su. Kowane kamfani da na'urar da ke karanta nasa akwatin. Kuma lokotoron da zai cire waya, tambayarsa ta farko ita ce: wace iri ce, shekararta nawa? Takardar nan a naɗe ta cikin leda, kada ruwa ko gara su taɓa ta. A sa yaro ya ɗauki hotonta a salula, a kuma kai wa majon gidan likitar gari ya kwafe lambobin cikin littafinsa. Ranar komawa awo, ko wata shida aka ce ko shekara, a rubuta ta a bayan takardar da manyan baƙaƙe, a fara ajiye kuɗin mota tun daga kaka.